GARGAƊI GA MASU SAYEN MOTOCIN HANNU A AGYE, GAZAWA DA GIDAN RUMJI: IN ALLURAR ZAFI TA HAU, A TSAYA

Jama'a, wannan kira ne ga duk wanda ya sayi motar hannu kwanan nan, ko yake shirin saye, tun daga Gidan Rumji da Tsibiri har Cadawa, Agye, Gazawa da Gangara. Ya shafi direbobin haya, da yaran mota, da masu gareji, da dillalai. Cuta biyu ke kashe motar da aka saya tun kafin mai ita ya more ta: zafin inji da ciwon giya. Dukansu suna ba da alama kafin su yi ɓarna, kuma dukansu suna farawa da gyaran da bai taka kara ya karya ba. Abin da ke mai da ƙaramin gyara asarar inji guda shi ne maganar nan da direba ke yi wa kansa: "Bari dai in lallaɓa in kai gari."

Inda matsalar ta samo asali

Yawancin mutanenmu suna sayen mota ne bayan kaka, lokacin da kuɗin aya da wake da riɗi da gyaɗa suka shigo hannu. Wannan lokacin sanyi ne. Motar da lagiretonta ya toshe rabi za ta iya yin Maraɗi zuwa Agye, kusan kilomita 80, cikin hunturu ba tare da allura ta motsa ba. Ita wannan motar ce a watan Afrilu ko Mayu, rana ta haura digiri 40, an cika ta da mutane da buhuna, za ta tafasa tun ba a kai Cadawa ba. Duk motar da aka saya cikin sanyi, a ɗauka ba a gwada ta ba tukuna.

Sannan a tuna irin motocin da ake kawo mana. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a shekarar 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan waɗanda ke fita ta ƙasarsu ya nuna yawancinsu sun shekara 16 zuwa 20, kuma da dama ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki a lokacin da aka fitar da su. Shekara da shekaru ta Kwatano suke shigo mana. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, hanyar Lome ta cikin Burkina Faso ta ƙara ƙarfi. Ko ta ina mota ta biyo, ta daɗe a ajiye a tashar jirgin ruwa da filin dillalai, sannan ta ci fiye da kilomita dubu kafin ta iso Maraɗi. Wadda kuma ta tsallako daga Jibiya ta Ɗan Isa, ko ta yi hannu uku a cikin gari, Allah kaɗai ya san gyaran da aka yi mata. Fenti mai ƙyalli da kujeru masu ƙamshi ba su faɗin komai game da cikin inji.

In allura ta hau kana kan hanya

Allurar zafi tana zama ne a tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan, wato ruwan inji yana wajen digiri 90. Da ka ga ta wuce inda ta saba, ko jar fitila ta kama, ko ka ji ƙaurin roba, ko tururi ya fito ta gaban mota, ga abin yi:

1. Kashe na'urar sanyaya mota nan take, ka kunna ta ɗumama ciki har ƙarshe, ka sauke gilasai. Za ku sha zafi, amma tana janye wa inji wani kaso na zafinsa.

2. Nemi wuri ka sauka daga kwalta. Hanyar ƙasa ta 1 cike take da manyan motoci, kada ka tsaya a kwana ko bayan tudu. Fasinja su fito su koma nesa da titi.

3. In allura ta taɓa ja, ko ruwa yana zuba, ko tururi yana tashi, kashe inji ba tare da jinkiri ba.

4. Kada kowa ya taɓa murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa kan wuce digiri 100 bai tafasa ba saboda murfin ya danne shi. Da an murɗa, sai ya yi tsartuwa zuwa fuska da ƙirji. A jira aƙalla rabin awa, har sai an iya riƙe babban tiyo na sama da hannu kuma ya yi laushi. Sannan a ɗora tsumma mai kauri, a murɗa a hankali, fuska na gefe.

5. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kada kuma a ɗura shi ciki. Kan injin yawancin motocin yanzu na sanholo ne, sauyin zafi na farat ɗaya yana lanƙwasa shi ko ya tsaga shi.

6. Bayan ya huce an ƙara ruwa, a tayar a duba ƙarƙashi. In babu yoyo kuma allura ta zauna, a tafi a hankali zuwa gareji mafi kusa, ido na kan allura. In ta sake hawa, tafiya ta ƙare, a nemi abin da zai ɗauki motar.

A kula da wani tarko: in ruwa ya tsiyaye duka, allura kan iya faɗuwa ƙasa, don babu ruwan da za ta auna. Direba ya ga ta sauka ya yi hamdala, alhali inji yana ƙonewa a bushe. Allurar da ta hau sannan ta faɗi da kanta, tare da raguwar ƙarfin mota ko wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan ita ce mafi hatsari.

In ruwan zafi ya ƙona wani, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta mara ƙanƙara na minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi likita. Kada a shafa man goge baki, ko baƙin mai, ko ƙwai, ko toka. Yaran mota ne suka fi shan wannan ƙuna, domin su ake turawa su buɗe. Maigida, ɗan mutane amana ne a hannunka.

Neman dalili: a fara da mai araha

Kada ka yarda a kwance maka inji tun ba a duba ƙananan abubuwa ba. A bi su ɗaya bayan ɗaya.

Murfin lagireto. In robarsa ta tsufa ba ya riƙe matsi, ruwa yana saurin tafasa yana ficewa. Shi ne mafi arahar gyara, shi ne kuma aka fi mantawa.

Yoyo. Da safe kafin a tayar, a duba ƙasan da mota ta kwana. A bi tiyo-tiyo da bakin ɗaurinsu, a nemi farin busasshen gishiri ko tsatsa. Gefen lagireto na roba yakan tsage in ya tsufa. Famfon ruwa yakan ɗiga ta ƙasa, ko ya riƙa kuka.

Fanka. In mota tana zafi a tsaye ko cikin cunkoson kasuwa, amma tana sauka da an hau kwalta an miƙe, to a zargi fanka, ko fis ɗinta, ko na'urar da ke ba ta umarnin tashi.

Toshewar lagireto. In kuwa akasin haka ne, tana lafiya a cikin gari amma tana zafi a doguwar tafiya ko da kaya, to ruwa ba ya gudana sosai ko iska ba ta ratsawa. Daga waje, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari suna liƙewa tsakanin lagireto da na'urar sanyi da ke gabansa, inda ido ba ya kaiwa. Daga ciki, ruwan rijiya yana barin ƙasa da tsatsa a ƴan siraran hanyoyin ruwa.

Tamostat. Wata ƴar ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya kai wajen digiri 80 da ɗoriya. In ta maƙale a rufe, inji zai yi zafi cikin ƴan mintoci alhali lagireto da sanyinsa. Maganinta a sa sabuwa. Al'adar nan ta cire ta a jefar, a ce wai ta ƙasar sanyi ce, kuskure ce: inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai, ya riƙa cin kansa, sannan ainihin cutar tana nan an lulluɓe ta. Haka ma haɗa fanka kai tsaye da makulli. In ka sayi mota ka tarar babu tamostat, kuma fanka tana tashi da an murɗa makulli, ka san ta taɓa ciwon zafi a hannun wani.

Bel. In ya saki ko ya tsattsage, a motocin da shi ke juya famfon ruwa, ruwa ba zai zagaya yadda ya kamata ba.

Sai bayan duk waɗannan a zo kan babba, wato gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Alamunsa sanannu ne: farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya ɗumama, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa tana ɓulɓulowa a bakin lagireto in an tayar da inji yana sanyi, tiyo ya yi tauri jim kaɗan bayan tayarwa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara a jikin sandar awo ko ƙarƙashin murfinsa. In an tabbatar, a kai kan injin wurin masu awo a ga ko ya lanƙwashe, a gyara fuskarsa kafin a ɗora sabon gaskit, kuma a gano abin da ya jawo zafin tun farko. In ba haka ba, wata ɗaya ba za a yi ba sai an koma gidan jiya.

Bayan kowane gyara a zuba ruwan lagireto na kanti irin wanda ya dace da motar, a fitar da iskar da ta maƙale a ciki. Ruwan nan ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba. Yana hana tsatsa, yana ɗaga mizanin tafasa. Amma guba ne mai zaƙi. Kada a zuba shi cikin robar lemo, kada a bar shi inda yara ko awaki za su kai baki.

Ciwon giya

A motar giyar hannu, in ka taka totur inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba, musamman a giya ta sama ko kan tudu, tare da ƙauri, kuloci ne ya cinye. In giya tana gurza wajen shiga, a fara duba man kuloci da daidaitonsa kafin a taɓa giyabos. In tana fita da kanta, ko tana gunji da ke ƙaruwa da gudu, to cikin giyabos ne, a duba mansa tun haƙora ba su zube ba.

Otomatik ta fi wuyar sha'ani, kuma ita ta yi yawa yanzu a cikin Corolla, Camry, RAV4 da Highlander da ake kawowa daga Amurka. Alamunta: ka sa D ko R ta yi jinkiri kafin ta kama; ta kama da duka har mota ta zabura; inji ya tashi sama tsakanin giya da giya; ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa; ko ta yi lafiya da safe, ta fara santsi bayan ta yi zafi.

Abin dubawa na farko shi ne mai. A motocin Toyota masu sandar awo, ana aunawa ne a wuri mai daidai, inji yana aiki kuma ya ɗumama, giya tana P. Wasu kamfanoni tsarinsu daban ne, wasu sababbin ma ba su da sandar, sai a gareji. A ɗiga man a kan farar takarda. Ja mai haske, lafiya. Ruwan ƙasa mai duhu, ya tsufa. Baƙi mai ƙauri, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ciki ya soma ci.

Kada a zuba kowane jan mai don an ga ja ne. Akwai Dexron, akwai T-IV da WS na Toyota, Honda tana da nata, kuma Corollar Amurka daga 2014 yawancinta giyar CVT gare ta, wadda manta dabam yake gaba ɗaya. Sunan man yana rubuce a jikin sandar awo ko cikin littafin motar. A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya. Wani lokacin kuma giyar lafiyarta lau, wata ƴar na'urar lantarki ce ko waya ta lalace. Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da wurin jona kwamfutar bincike a ƙarƙashin sitiyari. A kai Maraɗi a jona kafin a yarda da mai cewa sai an sauke giyabos.

Motar otomatik ba ta tashi da turi. In ta mutu kuma, kada a ɗaura mata igiya a ja ta doguwar tafiya tayoyin da ke jan ta suna ƙasa, domin famfon manta ba ya aiki in inji a kashe yake, giyar za ta yi ta juyawa a bushe. A ɗora ta bisa wata mota.

Sau da yawa cutar ɗaya ce

Ga abin da masu mota da yawa ba su sani ba. A yawancin motocin otomatik, man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Saboda haka in lagireto ya toshe ko inji yana zafi, man giya ma yana dahuwa, giya ta fara santsi. In kuma giya ce ke santsi, zafin da take haifarwa yana komawa lagireto, allura ta hau. Mai mota sai ya biya kuɗin gyaran giya, lagireton da ya kashe ta yana nan, ya sake kashe sabuwar. Mafi muni, in bututun nan ya huje, ruwa da man giya su gauraye, man ya koma kalar ruwan hoda, mai kauri kamar fura. Duk wanda ya ga haka kada ya ƙara tayar da motar. Don haka in an kai mota don zafi a duba man giya, in an kai ta don giya a duba lagireto.

Hanyoyinmu ba kwalta kaɗai ba ne

Da an sauka daga babban titi zuwa ƙauyuka sai rairayi. A cikin rairayi inji yana aiki da ƙarfi, mota tana tafiya a hankali, iska ba ta bugun lagireto, nan ne zafi ke taruwa. A sa L ko 2, a rage iskar taya kaɗan, a rage kaya. In ta kafe, a fito a haƙa a tura. Wasan D da R ana taka totur yana iya ƙone giya cikin ƴan mintoci. Da damina kuma, masu bin fadamar Gulbin Maraɗi da ta Gulbin Kaba su kiyayi kutsawa cikin ruwan da ba su san zurfinsa ba. Ruwa yana shiga giyabos ta hancin shan iskarsa, yana karya fanka, laka tana toshe lagireto. Kuma kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji ke ciki game da ƴan bindiga. Motar da ba ka amince da lafiyarta ba, kada ka shiga daji da ita da yamma, balle da iyali.

Kafin a biya, da bayan an biya

Kada a yi cinikin biri a sama. Je ka da bakanikenka, ba na dillali ba. Ka nemi a tayar da motar a gabanka tana sanyi. In ka tarar an riga an ɗumama ta, ka dawo gobe da sassafe. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka ga fitilun gargaɗi duka sun kama sannan su mutu bayan an tayar, domin akwai masu cire ƙwan fitilar da ke tona asiri. Leƙa cikin lagireto tun yana sanyi: tsatsa, maiƙo, ko wani dunƙule-dunƙule alama ce ta an zuba abin toshe yoyo. Ɗaga darduma ka shinshina, warin rima da laka a ƙarƙashin kujera na nuna motar da ambaliya ta ci. Sannan a gwada ta da tsakar rana, da mutane a ciki, na'urar sanyi a kunne, aƙalla rabin awa a kan kwalta, a tsaya a bar ta tana aiki minti goma, a kuma gwada ta da baya. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

In ka riga ka biya, aibi ya bayyana a kwanakin farko, kada ka yi gaggawar kwance inji. Ɗauki hoto da bidiyo da wayarka, kira shaidun ciniki da dillalin da ya ci la'ada, a koma wurin mai sayarwa tun maganar tana da ɗumi. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya ba mai saye damar mayar da haja saboda tsohon aibin da aka ɓoye masa, kuma dokar ƙasa ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi. Amma jinkiri, da ci gaba da hawan motar bayan ka ga aibin, suna raunana hujjarka. In sulhu ya gagara, akwai malamai, akwai fadar sarki, akwai kotu. Kowane ciniki a rubuta shi, da lambar shasi, da sa hannun shaidu.

Kira na ƙarshe

Dillalai, ku faɗi aibin da kuka sani. Ribar algus ba ta da albarka, kuma motar da kuka lulluɓe rayuka za ta ɗauka. Masu gareji, ku daina cire tamostat da zuba man da ya samu, ku nuna wa mai mota abin da kuka cire. Shugabannin tasha a Gidan Rumji, Tsibiri, Cadawa, Agye da Gazawa, ku sa a duba ruwa da mai kowace safiya kafin lodi, ku hana motar da ke tafasa ɗaukar fasinja. Fasinja kuma, in kun ga tururi ko kun ji ƙauri, haƙƙinku ne ku ce direba ya tsaya.

Wanda ya sayi mota a bana, kada ya jira bazara ta gwada masa ita. A cikin makon nan ya kai ta a wanke lagireto ciki da waje, a sauya murfi da tiyon da ya tsufa, a tabbatar da tamostat da fanka, a duba man giya, ya kuma ajiye jarkar ruwa mai tsabta da tsumma mai kauri a bayan mota. Wanda ya karanta ya sanar da wanda bai karanta ba, a tasha, a majalisa, a ƙofar masallaci. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.